Neman Mai Rawani a Libaful

Litinin, da hantsi

Da sunan Allah. Ni Intala, mutumin Abzin, mai raƙuma, nake wannan rubutu a garin Ingilishi da ake kira Libaful, shekarar da Faransa ta sa aka jefa mata ƙuri'ar e ko a'a. Ban shiga makarantar Nasara ba, allo ma ban yi nisa ba. Baƙaƙen nan a hanyar Bilma na tsince su wurin wani malami, muna jiran raƙuma su gama sha. Wanda ya ga sun karkace ya miƙe su a ransa.

Littafin ba nawa ba ne, na wancan ne, cikin jakarsa na same shi. Ya cika ganye shida da rubutun Nasara daga hagu, ni kuwa na fara daga dama kamar yadda mutane ke yi.

Wancan shi ne na farin Tata, matata. A gidana ta haife shi shekara talatin da takwas da suka wuce. Ba a kiran sunan na fari, ba a nuna shi gaban mutane a ce nawa ne. Haka na tarar, haka nake yi.

Raƙuma huɗu muka rako. Wani Bature mai lofe ya saye su a Agadas don gidan kallon dabbobi, wancan ne ya ƙulla maganar da Faransancinsa. Ni kuwa na ce taguwar da na rena da hannuna ba ta hawa ruwa ba tare da ni ba. Kano, Ikko, sannan kwana goma sha huɗu cikin jirgi.

Shekaranjiya Asabar wancan ya faɗi a rumfar raƙuma, bakin ruwa. Tari, sai jini bisa ciyawa. Farar mota mai ƙararrawa ta zo ta ɗauke shi. Ban shiga motar ba. Abin da ya hana ni shiga ba na rubuta shi yau.

Ban san inda yake ba. Jirgin komawarmu yana tashi Juma'a ta uku.

Litinin, bayan magariba

A gidan Jibrin aka sauke ni. Bakatsine ne, shekara ashirin yana nan, da yana zuba gawayi cikin jirgi, yanzu dako yake a bakin ruwa. Matarsa Baturiya ce, sunanta ya fi ƙarfin harshena. Shi ne tafintanmu ranar Asabar, ranar kuma ya fara ganinmu.

Ya je gidan likitan da motar ta nufa. Suka ce an kawo baƙin mutum, ba suna, ba ɗan'uwa, don haka ba wanda aka sanar, jiya kuma an wuce da shi gidan masu ciwon ƙirji. Wanne? Irinsu huɗu ne a garin da bayansa, wanda ya rubuta kuma ba ya nan. Jibrin ya ce in ya bar aiki kwana biyu a jere wani ya gaje wurinsa, sai Lahadi zai iya raka ni. Ya zana mini hanyoyi, ya rubuta takarda da zan riƙa nunawa. Ya ce in hau mota mai bene. Na ce hanyar da ƙafa ba ta taka ba, kai ba ya riƙe ta.

Talata, la'asar

Na ba raƙuma ruwa, na fita.

Garin nan ba shi da ƙasa. Sun shimfiɗe shi da dutse tun daga bakin ruwa har inda ƙafata ta gaji. Na koma wurin da motar ta tsaya ranar Asabar, na durƙusa, na duba. Ni da nake gane sawun raƙumi na kwana biyar, in faɗi mai shi da nauyin kayansa. Ba komai. Dutse da ruwa. Wani ɗan sanda mai doguwar hula ya tsaya kaina, ya ɗauka wani abu na yar, ya shiga taya ni nema.

Gidajensu jajaye ne, manne da juna, ƙofa ɗaya taga ɗaya, kamar rana ɗaya aka haife su. Kowanne bisa kansa hayaƙi. A bakin kowace ƙofa kwalbar madara tana zaune ita kaɗai, ba mai tsaro, ba kuma akuya ko saniya ko ɗaya a unguwar. Mata sun durƙusa suna goge dokin ƙofa da wani farin dutse har ya yi haske, alhali cikin gidan duhu ne. Na yi wa uku sallama. Ɗaya ta shige ta rufe ƙofa, ɗaya ta yi dariya, ta ukun ta nuna bakina tana tambaya, na gane ciwon haƙori take nufi. Ga maza nan suna yawo da bakinsu a waje, tsofaffi ma, suna tauna, suna hamma gaban surukansu. Sai ni da na rufe nawa ake kallo.

Na ɓata. Ni, Intala. Sai da na bi iska mai warin gishiri na koma bakin ruwa.

Laraba, azahar

Na kai gida na farko. Ba ya nan.

Alhamis, bayan la'asar

Yau na koyi garin kaɗan. Akwai wata babbar majami'a ta jan dutse bisa tudu, na mai da ita dutsen Bagzan namu na Abzin. In tana hannun hagu, ruwa yana baya. Na ga dokin da ke jan keken gawayi, ƙafarsa kamar turmi, gashi har kofato, mai shi baƙi ƙirin da toka ya fi Jibrin baƙi. Na ga unguwa guda da gidaje suka rushe tun yaƙinsu, ciyawa ta fito cikin ɗakuna, matakala tana hawa ba ta zuwa ko'ina. Ashe su ma an taɓa ƙona musu gari. Ban ji tausayi ba. Na ɗan ji.

Gida na biyu yana bayan gari, bisa tudu, tafiyar awa ɗaya da rabi. Na nuna takarda. Wata mai farar hula, babba, ta karanta ta ja ni ta baya. Abin da na gani: marasa lafiya sun fitar da su waje, gadaje jere ƙarƙashin rumfa, cikin wannan sanyi, wai iska ce maganinsu. A Abzin wanda ya yi wa majinyaci haka sai dangi sun zauna kansa.

Baƙaƙe uku ta nuna mini. Ɗaya ƙato mai tsage a kumatu, irin mutanen kurmi. Ɗaya yaro fari-fari. Na ukun wani tsoho, an aske kansa ƙwal, gemu rabi furfura, kumatu sun faɗa, baki buɗe. Ya zuba mini ido kamar na ci masa wani abu. Ya ɗaga hannu zai kai fuska, hannun ya faɗi. Na kau da kai, don ba a kallon bakin namiji. Na zagaya yatsa bisa kaina, na nuna wa matar rawani, na ce irin wannan nake nema. Ta girgiza kai. Na fito.

Biyu sun fita. Saura biyu.

Juma'a, da safe

Tun da ba mai karanta wannan, bari in faɗa. Shekara uku ba na yi wa wancan magana, kuma ina da gaskiya.

Shekarar yaƙin Agadas ina saurayi, Faransa ta kwashe wa ubana raƙuma goma sha tara, ba ta dawo da ko igiya ba. Ta cike rijiyoyi da duwatsu. Wancan ya san wannan, a kansa aka yaye shi. Sai ga wasu Faransawa masu neman dutse sun zo da akwati mai kukan gyare, suna kara shi a ƙasa suna saurare. Suna son mai nuna musu ruwa arewa, wajen rijiyar Arlit, inda ba kowa sai iska da barewa. Ya je. Rijiyoyin da na nuna masa ɗaya ɗaya, ina riƙe da hannunsa, ya nuna musu suka sa a takarda. Na ce wa Tata ta gaya masa wanda ya san rijiyarka ya gama da kai. Ya ce ta gaya mini duniya ta sake. Tata ta ce ita ta gaji da zama jakin saƙo tsakanin ɗaki da zaure.

A jirgi ba Tata, sai muka koma bi ta raƙuma. In ce, taguwa tana son ruwa. Ya ce, amale ya ce an ba ta. Tun Ikko yake tari. Wata rana na ce wa taguwa, wasu mutane gara su sa bargo. Bai sa ba. To laifin wa?

Juma'a, magariba

Gida na uku. Ba baƙi ko ɗaya.

Da dawowa yunwa ta kai ni wata ƙofa da mutane suka yi layi. A nan kome layi, ba mai ture wani, ba mai gaida wani. Aka naɗe mini kifi da dankali cikin takarda mai rubutu. Rubutu, da mai a jikinsa, in an gama a yar a taka. Na ci, na ninke takardar na sa aljihu, ban san abin da zan yi da ita ba.

Asabar, la'asar

Na ɗauka tawaye ne. Maza sun cika hanya kamar fara, dubu bisa dubu, duk fuska ɗaya suka nufa, da ƙyalle a wuya, suna kaɗa wani katako mai ƙara. Na manne da bango, na kama wuƙata. Suka shige wani babban gida marar rufi, can sai na ji ihu guda kamar dutse ya tsage. Jibrin ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ƙwallo suka je kallo.

Da a Abzin ne, akuya ta ɓata, mutum goma sun fita nema kafin shayi ya huce. Ga mutum dubu arba'in, ranar hutu, da ƙafafunsu lafiya.

Mako guda yau.

Lahadi, bayan magariba

Da Jibrin muka je na huɗu, ƙetaren ruwa, cikin jirgin fito. Ba ya nan. Jibrin ya ce mu sake komawa na tudu, shi ya yi tambaya da bakinsa. Na ce na duba da idona, gado gado. Ya ce ido yana kuskure. Na ce idon Bakatsine wataƙila.

A jirgin dawowa ya ce shi fa bai taɓa ganin wanda ya tsinke takalmi saboda abokin tafiya ba.

To bari in rubuta. Ranar Asabar ɗin, da suka sa shi cikin motar, mai motar ya tambaya ta bakin Jibrin ko akwai ɗan'uwa, ɗan'uwa ɗaya yana iya shiga. Mutane sun taru, Baturen lofe yana tsaye, 'yan dako suna kallo. Na ce abokin tafiya ne. Ya ce sunansa fa? Na ce in ya farka ku tambaye shi. Suka rufe ƙofa.

Na gaya wa Jibrin ko wane ne. Ya juyo ya ce:

"Baba, kunyar na fari ni ma na san ta, uwata har ta mutu ba ta kira sunan yayana ba. Amma wannan a gida ne, inda kowa ya san amsar kafin ya tambaya. A nan in ka ce ba naka ba ne, rubutawa suke."

Na ce ni ban yi ƙarya ba, tare muka yi tafiya. Ya ce kunya ce ko fushi? Na ce iska ta yi yawa, ba na jin abin da yake faɗi.

Litinin, hantsi

Kunya ce.

Talata, azahar

Baturen lofe ya dawo da manyan motoci biyu, kwanakin da aka tsare raƙuma don duba lafiyarsu sun cika. Taguwa ta ƙi hawa sai da na shiga gaba. Da na fito ta juyo da wuya tana kuka. Ban tsaya ba. Ya bar wa Jibrin takardunmu, ya ce zai sa a bincika, ya ce in ban hau jirgin Juma'a ta sama ba shi ba ruwansa, wani sai bayan sanyi. Ya miƙo hannu. Na ba shi yatsu biyu.

Yanzu ba ni da abin yi da safe.

Laraba, magariba



Da la'asar a bakin wata kwana na ga an zaunar da mutum cikin keken jarirai. Kai ya langaɓe, hannuwa suna lilo, an rufe fuskar da tsumma. Tsawonsa tsawon wancan. Ban san lokacin da na ƙetare hanya ba, mota mai bene ta kusa taka ni. Na yaye tsumman. Ciyawa ce da tsofaffin takardu cikin riga da wando.

Da rana ta faɗi suka tara katako a filin rusassun gidaje, tsibi ya fi ɗaki, suka ɗora shi bisa, suka sa wuta. Uwaye suna tafi, ana rabon dankali gasasshe, sama tana fashewa kamar bindiga. Na tsaya har kansa ya faɗo.

Jibrin ya ce al'ada ce, wani ne ya yi wa sarkinsu laifi shekara ɗari uku da suka wuce, kowace shekara suna sake ƙona shi. Na ce ashe akwai waɗanda suka fi ni riƙo. Sannan na tambaye shi abin da na zo tambaya: wanda ya mutu a gidan likita ba suna ba dangi, me suke yi da shi? Ya ce hukuma tana binnewa. Na ce da wanka? Ya tashi ya ƙara gawayi a wuta.

Alhamis

Ban fita ba.

Juma'a, la'asar

Na je maƙabartarsu. Ta fi Agadas girma, kowane kabari da dutsensa da sunansa, wasu har da furanni cikin kwalba. Can ƙarshe, wajen bango, akwai inda ba duwatsu. A nan ne kawai na ga ƙasa a garin nan, baƙa, jiƙaƙƙiya, tana riƙe sawu. Sababbin tudu huɗu. Na auna su da taki. Biyu sun yi gajarta. Biyu ban sani ba.

Me zan ce wa Tata? Ta ba ni mutum da ƙafafunsa. A bakin zaure ta ce mini, ku biyu kuka fita. 

Asabar

Na bi bakin ruwa har inda gidaje suka ƙare. Ruwan nan yana tafiya da safe ya bar jirage cikin laka, da yamma ya dawo. Ba wanda ya tsaya yana mamaki.

Lahadi, azahar

Kowa ya maƙala jan fure na takarda a ƙirji. Da hantsi ina tsakiyar gari aka buga igwa, sai duk garin ya tsaya. Motoci, dawaki, mai turin keke, tsohuwa da karenta. Maza suka cire huluna. Ba tari ko ɗaya. Ni kaɗai nake tafiya, takalmina yana ƙara, sai na tsaya ni ma. Kusa da ni wani tsoho, sa'ana, hawaye yana bin bakinsa, bai share ba, leɓensa yana faɗin wani suna yana maimaitawa. A fili, gaban kowa. Da aka sake buga igwa ya mai da hularsa ya wuce.

Jibrin ya ce 'ya'yansu da yaƙi ya ci suke tunawa.

Saura kwana biyar.

Litinin, bayan la'asar

Matar Jibrin ta dawo daga gidan wanki, inda matan unguwa ke haɗuwa da ƙullin kayansu da surutunsu. Ta shigo ba ta ko ajiye kwando ba, ta kama gefen rawanina ta murza, ta duba yatsunta. Sun yi shuɗi. Na ja baya, don ko Tata ba ta yi mini haka. Ta shiga magana da sauri, Jibrin yana juyawa.

Wata maƙwabciyarsu tana aikin wanki a wani gidan likita. Mako biyu da suka wuce an jefa wani dogon ƙyalle cikin tukunyar zannuwan gado, ya fi kamu goma, ya rina zannuwa sittin shuɗi. Shugabar wanki ta kusa haukacewa, ta sa aka ƙona shi. Har yau ana ba da labarin ana dariya. Daga kan wani baƙin mutum aka kwance shi, aka aske shi, yana nan da rai, ba ya jin Ingilishi, ba ya cin abinci sai an matsa.

Na ce wane gida? Ta ce na tudu.

Na ce ƙarya ne, na je. Jibrin ya ce baƙaƙe nawa ka gani? Na ce uku, na lissafa masa su. Da na zo kan na ukun sai bakina ya tsaya.

Litinin, magariba

Wancan yana da shekara goma sha takwas aka naɗa masa rawani, aka ja masa amawali, gefen da ke rufe baki, bisa hanci. Kawunsa ne ya naɗa, ni ina bayan zaure. Tun ranar ban sake ganin abin da ke ƙasan idonsa ba. In zai sha shayi gabana sai ya juya, ya sa kofi ta ƙarƙashi. Yaron kirki ne ta wannan wajen, ban taɓa cewa ba haka ba.

Shekara ashirin. Ni fuskar da nake ɗauke da ita ba ta da gemu.

Amma idon fa? Idon ai na san shi. Ban kalli idon ba, bakin na gani na kau da kai.

Ya ɗaga hannu zai rufe. Saboda ni.

Talata, hantsi

Na je ni kaɗai. Mai gadi ya nuna mini allo, ya nuna yatsu: Laraba da Lahadi, ƙarfe biyu. Matar da ta shigar da ni rannan alfarma ta yi. Na zagaya ta bayan shinge. Ana hango rumfar daga nesa, gadaje kamar ƙwai a jere, ba a gane kowa. Na tsaya har ruwa ya ratsa rigata.

Laraba, bayan magariba

Jibrin ya bar aiki, ya ce in an kore shi ni zan ciyar da shi da madarar taguwar da na sayar.

A bakin ƙofa wata ce daban, da babban littafi. Ta tambaya me nake gare shi. Jibrin bai amsa ba, ya juya mini tambayar da Hausa, alhali ya san amsa. Mugun mutum. Bayanmu layi, mata da furanni da lemo, duk suna jira.

Na ce ɗana ne.

Ta ce sunansa? Na faɗa. Amawali ya danne, ba ta ji ba. Na sake. Ta ce a hankali, tana rubutawa. Sau uku, gaban layin Ingilishi. Amumun. Ga shi na rubuta ma. Ƙasa ba ta tsage ba, ga mamakina.

Gado na bakwai. Da ya hango ni ya jawo zanen gado da haƙora ya rufe baki. Na tsaya wajen ƙafafunsa. Na daɗe. Ba raƙumin da za a bi ta kansa.

Na juya wa mutane baya, na fuskanci bango, na kwance rawanina. Iskar garin nan ta taɓa haɓata, sanyi kamar wuƙa. Na ninka shi biyu, na sa wuƙa na raba. Na naɗa rabi, bai kai yadda na saba ba. Na ɗaga kansa, ba nauyi, kamar ƙwarya. Na naɗa masa ɗaya rabin, na ja amawali bisa hancinsa. Sai ga shi. Shi ne, ba ko shakka, ko cikin mutum dubu arba'in.

Muryarsa ta zama ta tsoho. Ya ce, "Baba, na ɗauka ka gane ni ka wuce."

Kwana goma sha uku yana kwance da wannan.

Na ce, "Ka yi furfura ba ka gaya wa kowa ba."

Ya fara dariya, ta zama tari, mai farar hula ta zo da gudu. Da ta ga ƙyalle bisa bakinsa ta ɗaga murya, wai mai ciwon ƙirji ba a toshe masa iska, wai kuma zannuwanta. Jibrin ya yi ta magana, ya nuna ni, ya nuna shi. Aka kira likita, wani siriri mai tabarau. Ya saurara, ya shafa haɓarsa, ya yanke: awa ɗaya, lokacin da nake nan. In zan tafi in kwance in tafi da shi.

Da aka kaɗa ƙararrawa na kwance masa rawanin ina kallon rufi. Ya ce taguwa fa? Na ce ta tafi, ta hau mota ba gardama. Ya ce ƙarya. Na ce to, da gardama.

Alhamis

A hanya jiya na tambayi Jibrin abin da likita ya ce game da ciwon. Ya ce wata shida, wataƙila tara. Likita ya yi magana mai tsawo, Jibrin ya ba ni gajera. Na ga bakin likitan, a nan ai ana ganin bakin kowa. Ban matsa ba.

Juma'a, azahar

Na je bakin ruwa. Akwai wani Bazabarme cikin masu zuba wa jirginmu gawayi, zai bi ta Kano, daga can ba a rasa ayarin Abzin. Na ba shi saƙo ya kai wa Tata da baki. Ya ce me zan ce? Na ce ka ce mata muna nan mu biyu.

Jirgin ya yi kuka sau uku. Ban jira ya ɓace ba, sanyi yana shiga ta inda rawani bai kai ba.

Asabar, la'asar

Matar Jibrin ta ce dole a wanke rabin nasa kowane zuwa, saboda ciwon. Na ce ba a wanke turkudi. Ta ce a gidanta ana wankewa. Ta ba ni bokiti daban, ta tsaya kaina. Yana nan rataye gaban wuta yana ɗiga, shuɗin yana fita.

Gobe Lahadi, ƙarfe biyu. In bai bushe ba in ba shi nawa, in naɗa jiƙaƙƙen. Da hantsi zan fita.